Fayil ɗin Ma'aikaci a Ranar da Kamfani Ya Sauya Hannu

A ranar Juma'a, 1 ga Nuwamba, 2013, Gwamnatin Tarayya ta miƙa kamfanonin rarraba wutar lantarki goma ga 'yan kasuwar da suka saye su. Ɗaya daga cikinsu shi ne KEDCO, mai kula da jihohin Kano da Katsina da Jigawa, wato har da layukan da ke kai wuta Dutsin-Ma da Kurfi. Kamfanin Sahelian Power ne ya sayi kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinsa a kan dala miliyan 137. Mutumin da ya taso daga Makera ya shigo Dutsin-Ma a wannan safiya ba zai lura da wani sauyi ba. Falwayoyin suna nan a tsaye, taransifoma tana inda take, kuma ma'aikacin da ya saba jingina tsani ya yanke wuta shi ne dai bai canza ba. Sauyin ya auku ne a cikin fayil ɗin wannan ma'aikaci, domin daga ranar ya zama ɗan kwantiragin wata shida a hannun sabon ubangida.

Kafin a kai ga wannan rana, an shafe kusan shekara biyu ana tantance ma'aikatan wutar ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zo da abin da aka saba nema a irin wannan zama: takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da shaidar haihuwa ko rantsuwar kotu a kan shekaru, da takardar albashi. A ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsunsa a kan na'ura, ya ba da lambar asusun banki da ta fansho. Wanda takardunsa suka daidaita ya karɓi kuɗin sallama. Wanda aka samu saɓani a suna ko a shekarar haihuwa ya koma layin jira, wasu har suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu. Kowace takarda a cikin wannan fayil tana da tarihin yadda ta shigo ƙasar Hausa, kuma sanin tarihin yana bayyana dalilin da ya sa sabon mai kamfani ke nemanta, da kuma iyakar abin da ya halatta ya nema.

Lokacin da mutane ne shaida

Sunan Makera kansa yana tuna wa mai ji tsohuwar hanyar shiga sana'a. A maƙera ba a tambayar yaro takarda. An san ubansa da kakansa, an san zugazugin gidan da ya taso yana ja, kuma Sarkin Maƙera ya san wanda ya isa ya kafa uwar maƙera tasa da wanda da sauransa. Haka abin yake a rini da jima da fawa da dukanci. Asali da sana'a a haɗe suke, shi ya sa ambaton sunan gida kawai yakan wadatar.

Baƙo kuwa, wanda ba a san gidansu ba, yana buƙatar wanda zai tsaya masa. Fataken da ke bin hanyar Gwanja sayen goro suna sauka a zango a hannun maigida ko fatoma, shi ne mai ba su masauki, ya haɗa su da dillali, ya lamunce idan an ba da kaya bashi. Idan baƙon ya gudu da dukiyar mutane, maigidan za a kama. Wannan tsari ya bi Hausawa har Sabon Ibadan da zangon Kumasi. Rubutu ma yana nan, domin sarakuna da alƙalai da malamai suna musayar wasiƙu da Larabci, ana buga musu hatimi, kuma manzon da ke ɗauke da wasiƙar sarki ita ce shaidarsa a hanya. Sai dai talaka mai neman abin yi ba ya yawo da takarda. Abin da aka sani game da shi yana cikin kawunan mutanen da suka zauna da shi. Idan maigida ya rasu ko ya kariye, barorinsa sukan nemi wani, su fara gina amana daga tushe, saboda ba a gadon sanayya kamar yadda ake gadon rumbu.

Kamfani ya miƙa wa gwamnati

Mulkin Turawa a Arewa ya fara ne da sauyin hannu irin na kamfani. A ranar 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar kamfanin Royal Niger a Lokoja, gwamnatin Ingila ta karɓi mulki bayan ta biya kamfanin diyyar fam 865,000. Lugga ya gaji tashoshin kamfanin da jiragen ruwansa, ya gaji kuma mutanensa. An zuba dakarun kamfanin cikin rundunar gwamnati, babban wakilinsa William Wallace ya zama mataimakin Lugga. A 1903, bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, Lugga ya shiga Katsina ta Ƙofar 'Yandaka, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba.

Sabon mai mulki bai san kowa ba, don haka ya dogara da rubutu. Dokar bauta ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne. A karon farko ranar haihuwar talaka ta zama abin da shari'a ke rataya hukunci a kansa, a ƙasar da ake lissafin shekaru da damina da sarautar sarakuna da shekarar yunwa. Bayin da suka fanshi kansu a gaban alƙali sukan karɓi takardar 'yanci, kuma ga da yawansu ita ce takarda ta farko da aka taɓa rubuta sunansu a ciki.

Sai haraji. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906, aka daidaita gundumomi, kuma Katsina na cikin masarautun farko da aka kafa wa Baitulmali. 'Yandaka ke riƙe da ƙasar Dutsin-Ma, Maradi ke riƙe da Kurfi. Malaman haraji suka riƙa bin gari-gari suna rubuta sunan kowane baligi, malaman jangali suna ƙirga shanu. Wanda ya biya a yanka masa rasit. Wannan 'yar takarda ta zama shaidar talaka ta yau da kullum: ɗan cirani yakan naɗe ta a aljihu ko a cikin hula, saboda dogari ko ɗan doka zai iya tare shi a kowace kasuwa ya ce ya nuna. Haka aka zauna har gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna bayan zaɓen 1979. Shekara saba'in ke nan mutanen wannan yanki suna koyon cewa idan hukuma ta rubuta sunan mutum, kuɗi za ta karɓa. Wani ɓangare na ɗari-ɗarin da ake yi da fom har yau daga nan ya samo asali.

Baitulmali ya kawo wani abu kuma, wato albashi. Da hakimi da alƙali da dogari da malamin asibiti suka koma karɓar kuɗin wata daga ma'ajin En'e, sai ya zama dole a sami jerin sunaye, a san ranar da kowa ya kama aiki da matsayinsa. Nan fayil ɗin ma'aikaci ya fara. A ɓangaren ciniki ma hannu ya yi ta sauyawa: kamfanin Lever Brothers ya sayi kamfanin Niger a 1920, sannan a 1929 aka haɗe shi da African and Eastern aka sami UAC. Akawun kanti da ke awon gyaɗa ko auduga yakan wayi gari ya ga sabon suna a allon kanti. Abin da ke cetonsa shi ne takardar yabo daga tsohon manaja, da kuma wani attajiri ko mai sarauta da zai sa hannu cewa idan kuɗi suka ɓata shi zai biya. Lamunin zango ne aka mayar takarda. Fom ɗin mai tsaya wa ma'aikaci da bankuna da kamfanonin tsaro ke bayarwa a yau jikan wannan tsari ne.

Suna, shekaru da asali

Abubuwa uku ne suka fi kayar da ma'aikaci a wajen tantancewa, kuma kowannensu yana da tushe a tarihin yankin.

Na farko suna. Bahaushe ba shi da sunan zuri'a mai bin gida daga kaka zuwa jika irin na Turawa. Yana da sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba. Da makarantun boko suka tara yara daga gundumomi daban-daban, aka sami Muhammadu biyar ko Abubakar shida a aji ɗaya, sai malamai suka riƙa liƙa wa kowa sunan garinsu. Ta haka aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita, wanda Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, da Amadu Kurfi, wanda ya zama sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a zaɓen 1979 kafin ya zama Maradin Katsina. Sakamakon haka mutum ɗaya zai iya kasancewa da sunan uba a takardar firamare, da sunan gari a ta sakandare, da duka biyun a takardar kama aiki. Ga kuma bambancin rubutu: Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mamman duk mutum ɗaya ne a wajen mutanen unguwa, amma mutum huɗu ne a wajen kwamfuta.

Na biyu shekaru. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a duk faɗin Nijeriya, ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta 1992 ce. Yawancin waɗanda aka haifa a karkara kafin nan ba a rubuta haihuwarsu a ko'ina ba. Hedimasta yakan dubi yaro, ya sa shi ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, ya yanka masa shekara. Daga baya idan aiki ya samu, a je kotu wani babba ya rantse a kan ranar haihuwa. Wannan ne ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa a fayil-fayil. Tun da dokar aikin gwamnati ta ce a yi ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, shekara ɗaya a takarda tana iya zama albashin wata goma sha biyu, ga ƙarin kuɗin sallama. Wasu sun rage shekaru da gangan, wasu kuma akawu ne ya yi musu kuskure, amma mai tantancewa da ya ga ranakun haihuwa biyu ba shi da hanyar bambance maƙaryaci da wanda aka yi wa kuskure.

Na uku asali. Kundin tsarin mulki na 1979 ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai daidai tsakanin jihohi, daga nan takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ta zama sharaɗin aikin gwamnati. Amma jihohin kansu sun yi ta sauyawa. Mutumin Makera da aka haifa a farkon shekarun 1960 ɗan Lardin Katsina ne a Jihar Arewa. A 1967 ya zama ɗan Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 sunan jihar ya koma Kaduna, a ranar 23 ga Satumba, 1987 kuma ya zama ɗan Jihar Katsina. Bai matsa daga gidan ubansa ba, amma takardunsa suna ɗauke da sunayen jihohi uku ko huɗu.

Zamanin cefanarwa

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati, ta ɗora Dokta Hamza Zayyad, wanda ya riƙe sarautar Wazirin Katsina, a kan shugabancinsa. Wannan kwamiti ne ya rikiɗa ya zama hukumar BPE. Guguwar ta iso Katsina sosai a zamanin Obasanjo. Kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina, ɗaya daga cikin uku da aka gina a farkon shekarun 1980 tare da na Jos da na Osogbo, ya koma hannun rukunin Dana a 2006. A wannan shekarar kuma Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank tare da wasu bankuna takwas, bayan Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25, abin da ya rage yawan bankuna daga 89 zuwa 25. Ma'aikatan bankuna tara, kowanne da irin fayil ɗinsa da tsarin albashinsa, suka taru a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Dalilin da ya sa mai saye ke ɗokin ganin takardu a bayyane yake. Wanda ya sayi kamfani ya sayi basussukansa, kuma babban bashin da ba a gani a bango shi ne haƙƙin ma'aikata. Kuɗin sallama ana lissafa shi ne da shekarun aiki da matsayi, don haka sai an san ranar kama aiki da ƙarin girma na ƙarshe kafin a san nawa ake bin kamfani. Ga kuma tsoron ma'aikatan bogi, sunayen da ke karɓar albashi ba tare da mutum a bayansu ba. Bayan wannan akwai abin da doka ta ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata. Dokar fansho ta 2004 ta wajabta wa ma'aikaci asusun ajiya mai lamba, kuma gyaran 2014 ya sa kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, shi ya sa ake tambayar sunan makusanci. Harajin albashi yana buƙatar lambar mai biyan haraji da jihar da mutum ke zaune.

Hanyar sayen ma tana da tasiri. Idan hannun jari aka saya, kamfanin yana nan a matsayinsa na ubangida a idon doka, masu shi ne kawai suka canza, kuma fayil-fayil suna nan a inda suke. Idan kuwa kadarori aka saya, ko aka sallami kowa aka sake ɗauka, to sabon aiki ne, ana iya neman takardu daga farko. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce ba a mayar da kwantiragin ma'aikaci daga wani ubangida zuwa wani sai da yardarsa da sa hannun jami'in ƙwadago, kuma dole a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Sai dai wannan doka ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba, su kwantiraginsu ne kawai garkuwarsu. A Ingila tun 1981 akwai dokar da ke sa ma'aikata su bi kamfani zuwa hannun sabon mai shi da duk haƙƙoƙinsu, kuma a yanzu tsohon mai kamfanin ne aka wajabta wa miƙa bayanansu aƙalla kwana 28 kafin ranar sauyi. Nijeriya ba ta da irin wannan doka. Nauyin tabbatar da shekarun aiki yakan faɗo ne a kan ma'aikaci da ambulan ɗin da ya adana a ƙasan akwati.

Yadda ta kaya da ma'aikatan NEPA

An kafa NEPA a 1972 ta hanyar haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwan Neja. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta mayar da ita PHCN, ta kuma raba ta gida 18: kamfanonin samar da wuta shida, na rarrabawa goma sha ɗaya, da na dakon wuta guda. Tsohon ma'aikacin da ya fara a ƙarshen zamanin ECN ya ga sunan ubangidansa ya canza sau uku ba tare da ya bar kujerarsa ba.

Da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙuduri sayarwa, sai ta nemi a ɗauki hoto da zanen yatsun kowa domin a san ainihin yawan ma'aikata. Ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta NUEE, wadda Joe Ajaero ke sakatarenta a lokacin, ta yi turjiya da farko, domin ma'aikata sun fahimci cewa ƙidayar share fagen sallama ce. Rigimar ta fi zafi a kan fansho: ma'aikata suna da tsohon asusunsu na cikin gida, gwamnati kuma tana son a koma tsarin dokar 2004. Ga dubban ma'aikatan wucin gadi da suka shafe shekaru suna hawa falwaya ba tare da takardar kama aiki ta dindindin ba, waɗanda a idon fayil kamar babu su. Tsohon shugaban ƙwadago Hassan Sunmonu ne ya shiga tsakani, aka cimma yarjejeniya a Disambar 2012.

Ma'aikatan da aka tantance sun haura dubu 40, kuɗin sallamarsu da na fansho kuma ya haura naira biliyan 300, wanda aka biya daga kuɗin cinikin kamfanonin. Mafi yawa sun karɓa. Waɗanda suka maƙale su ne masu saɓanin suna tsakanin fayil da banki, da waɗanda ba su halarci tantancewa ba saboda ciwo ko tafiya, da iyalan waɗanda suka rasu. A nan wata matsala ta fito fili. Kalmar da fom ke nufi da makusancin da za a tuntuɓa ana yawan fassara ta da magaji, alhali wanda aka rubuta a fom ba lalle ne ya zama mai gado a shari'ar Musulunci ba. Mutum ya rubuta ƙanensa tun yana saurayi, ya yi aure ya haifi 'ya'ya goma bai sake duba fom ɗin ba. Bayan rasuwarsa sai iyali su yi ta zarya tsakanin kotu da ofis kafin a saki kuɗin.

Da wata shida na kwantiragi suka cika, sababbin masu kamfanonin suka zaɓi waɗanda za su riƙe, suka saki saura. Hannu bai daina sauyawa ba. A Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe hannun jarin masu KEDCO saboda bashin da aka ci wajen saye, a ƙarshen 2023 kuma kamfanin Future Energies Africa ya zama sabon mai babban kaso. Waɗannan biyun sauyin masu hannun jari ne, kamfanin da ke biyan albashi bai canza ba a idon doka.

Daga takarda zuwa lamba

A cikin shekaru ashirin da suka wuce, lambobi sun fara maye gurbin takardu. An kafa hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC da dokar 2007, bayan rajistar 2003 ba ta kai inda aka so ba. A 2007 kuma aka fara tsarin albashin bai-ɗaya na IPPIS. Babban Banki ya ƙaddamar da lambar BVN a Fabrairun 2014, kuma a Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin albashin tarayya bayan an gwada su da wannan lamba. A Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Hukumar fansho ma ta buƙaci masu tsofaffin asusu su sake rajista da NIN.

Lambobin sun rage wahalar tantancewa, amma sun ƙara nauyin abin da ke cikin fayil. Rasit ɗin haraji idan ya faɗi a kasuwa ba ya amfanar wanda ya tsince shi. Fom guda da ke ɗauke da NIN da BVN da ranar haihuwa da sunan mahaifiya da lambar waya kuwa ya ishi ɗan damfara ya ci bashin manhaja da sunan mutum ko ya yi yunƙurin sauya masa layi. Lokacin sauyin hannu shi ne mafi hatsari, domin ma'aikata suna cikin fargabar kora, ba su san fuskokin sababbin shugabanni ba, kuma duk saƙon da ya zo da sunan sabuwar hukuma ana gaggawar amsa shi.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, amma a dunƙule. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai a Janairun 2019, sannan a Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce ba a karɓar bayanan mutum sai da hujja, kamar yardarsa, ko cika kwantiragi, ko wani wajibi na doka. Dole a faɗa masa abin da za a yi da su, a taƙaita ga abin da buƙata ta kama, kada a riƙe su fiye da lokacin da ya dace. Ma'aikaci yana da ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, ya nemi a gyara kuskure. Zanen yatsa da bayanan lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago suna cikin rukunin da doka ta ƙara wa tsaro. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, kamfani yana da awa 72 ya sanar da hukuma. Wata doka ta 2014 kuma ta hana a sharɗanta gwajin cutar ƙanjamau kafin ɗaukar aiki.

A bisa wannan ma'auni, neman suna da NIN da lambar asusu da ta fansho da takardun makaranta da suka shafi aikin abu ne mai hujja. Lambar sirri ta katin banki, da kalmar shiga asusu, da lambar da banki ke turowa ta waya, ba su da wata alaƙa da biyan albashi. Riƙe asalin takardun makarantar ma'aikaci a matsayin jingina ma ya wuce buƙatar tantancewa, wadda gani da ɗaukar kwafi ke biya. Fom ɗin mai tsayawa kuwa yana ɗauke da bayanan mutum na uku, wanda shi ma doka ta ba shi haƙƙin sanin inda hotonsa da adireshinsa za su kwana, musamman idan kamfanin da ya tsaya wa yaronsa a cikinsa ya koma hannun wasu.

Duk da wannan tafiya, tushen shaidar bai yi nisa da inda ya faro ba. Matashin Makera da ya gama Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, idan ya sami aiki za a nemi NIN ɗinsa da takardar asalinsa. NIN ɗin an gina shi ne a kan ranar haihuwar da wani babba ya faɗa. Takardar asalin kuma ba ta fita daga sakatariyar ƙaramar hukuma sai mai unguwa ya shaida ya san shi ya san ubansa, dagaci ya tabbatar, sannan a kai ofishin hakimi a buga hatimi. Idan mai unguwa ya kira shi da sunan da ya saɓa wa na takardar makaranta, ko akawu ya rubuta Mohammed inda jami'a ta rubuta Muhammad, kuskuren zai kwanta shiru a cikin fayil shekara ashirin ko talatin, sai ranar da kamfani ya sauya hannu aka kira tantancewa. Gyaran irin wannan saɓani a yau rantsuwar kotu ce da sanarwa a jarida da neman gyara a wajen hukumar NIMC, matuƙar mai unguwan da ya san gaskiyar magana yana raye.